Wa Ke Da Alhakin Mai Kwana A Rumfar Kasuwa?

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram, tun daga Kantoga da Sundimina da Wurno da Kiyako, har zuwa Sara da Kila da Basirka da Fagam. Yau a ƙasarku za mu yada zango, ko da yake maganar ta shafi kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa.

Abin da za mu tattauna shi ne mutumin da dare ya yi masa ba shi da ɗakin da zai shiga ya turo ƙofa. Wanda ke jiran 'yan kasuwa su tashi ya shimfiɗa buhu a rumfa, ko ya raɓa a barandar shago, ko ya kwanta a bayan wata mota a tasha. Wa ke da alhakinsa a hukumance? Idan sanyi ya kama shi, ko aka wayi gari ya cika, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Na san abin da wasu za su ce tun kafin in rufe baki. Za su ce, Malam, ai wannan zancen Legas ne inda ake kwana a ƙarƙashin gada, ko Kano da Abuja. Mu nan kowa ɗan gidan wani ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Har gobe a garuruwanmu da wuya baƙo ya yi sallama a masallaci bayan isha'i a rasa wanda zai tanka masa. To amma ku tambayi wanda sana'arsa ke fitar da shi kafin asuba, mai shayi ko direba ko ɗan sintiri ko ladan, zai faɗa muku su wa yake tsallakewa a hanya. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu ba ƙanana ba ne ta fuskar jama'a. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, Gwaram kuma ta haura 270,000, yanzu kuwa an ƙaru sosai. Babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa ta nan, ga manyan kasuwannin mako irin na Sara da Babaldu, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu wadda ake zuwa daga nesa. Duk inda titi da kasuwa da asibiti suka haɗu, sai ka sami wanda ya zo, guzurinsa ya ƙare, komawa ta gagara.

Kuma ba iri ɗaya ba ne masu kwana a waje. Akwai ɗan dako da ɗan ci-rani da ya iso daren jajiberin kasuwa, ya gwammace ya kwana kusa da kaya. Shi wannan yana da gida, kwana ɗaya ko biyu ne zai koma. Akwai mai jinya da ya kawo ɗan'uwansa asibiti, kuɗin magani ya cinye na masauki. Akwai almajirin da zauren malaminsa ya cika ya batse, shi ya tashi da waje. Akwai mai taɓin hankali da ya bar garinsu shekara da shekaru, har an manta daga ina ya fito. Akwai magidancin da marka ta kwantar masa da ɗaki a dare ɗaya. Sannan akwai waɗanda ba a cika ganinsu a titi ba saboda kunya da tsoro: tsohuwar da ba ta da ɗa ba ta da jika, da matar da aka saka aka fitar mata da kaya, gidan iyaye kuma an raba gado an sayar. Su a kango suke fakewa, ko a madafar gidan wani, yau nan gobe can. Idan hukuma ta haɗa waɗannan duka ta kira su mabarata, ta riga ta ɓata lissafi tun daga farko, domin abin da zai fitar da ɗaya ba zai fitar da ɗaya ba.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ginshiƙin shirinmu na yau. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan da suka rataya a wuyan ƙaramar hukuma. A cikinsu, a sahu ɗaya da samar da maƙabartu da kula da su, ya ambaci kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da ɗaukar nauyinsu. Ba a ce gwamnatin tarayya ba, ba a ce wata ƙungiyar agaji daga waje ba. Ƙaramar hukuma aka ce. Wannan jadawalin dai shi ne ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. Ku lura da wannan da kyau: rumfar da mutumin nan yake kwana a ciki da tashar da yake raɓewa, duk a hannun ƙaramar hukuma suke, kuma daga nan take karɓar haraji. Mai yankan rasit na kasuwa ya san shi da fuska. Sarkin tasha ya san shi, wataƙila ma har da sunan garinsu. Saboda haka ba za a ce hukuma ba ta da labarinsa ba. Labarin ne bai hau takarda ya isa sakatariya ba.

A da, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da En'e ke riƙe da ƙasa, akwai hanyar da aka saba bi. Baƙo ya sauka, a kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, a nema masa zauren da zai kwana, a aiko da tuwo daga cikin gida. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu da unguwanninsu, fatake suna da zango da mai masauki. Ban ce zamanin ba shi da nasa aibu ba, amma dai an san wanda za a tambaya. Yau ku dubi sababbin gine-gine a Birnin Kudu ko Gwaram Sabuwa: inda a da ake yin zaure, yanzu shago ake fitarwa a ba da haya, a sa ƙofar ƙarfe. Ga kuma tsoro. Tun da rashin tsaro ya yi ƙamari a Arewa, magidanci yana ɗari-ɗari da baƙon da bai san asalinsa ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Tsohon tsari ya ja baya, sabon da doka ta tanada bai matso ya cike gurbin ba. A wannan tazarar ce mutane suke kwana.

To me hukumomi suka saba yi? Abu mafi sauƙi a wurinsu shi ne kora. A Jihar Kano an yi dokar hana bara a titi a 2013, aka sake jaddada haramcin a watan Fabrairun 2020. A watan Yulin 2013 gwamnatin Legas ta ɗebi wasu marasa galihu a mota ta sauke su a Onitsha cikin dare, abin ya tayar da ƙura har Gwamna Babatunde Fashola ya fito ya nemi afuwa. A watan Oktoban 2024 ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adi su bar titunan birnin. Kowane lokaci hujjar ɗaya ce, wai su koma inda suka fito. To ina ne inda suka fito? Ƙauyukanmu ne. Motar da ta kwashe su daga birni, a ƙarshe a ƙofar wata sakatariya za ta tsaya.

Mun ga haka da idonmu a 2020, lokacin annobar korona. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a manyan motoci daga Kano da wasu jihohi ana kawo su Jigawa, aka killace su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, aka gwada su, wasu aka same su da cutar, daga baya aka miƙa su ga ƙananan hukumominsu domin a sada su da iyaye. Wannan ya nuna abu biyu. Ya nuna idan hukuma ta ga dama, cikin 'yan makonni za ta iya rubuta sunan yaro, ta gano mahaifinsa da ƙauyensu, ta ciyar da shi, ta ba shi wurin kwana. Ya kuma nuna cewa mayarwa kaɗai ba ta riƙe yaro a gida. Da kulle ya wuce, da yawa sun sake kama hanya, domin abin da ya fitar da su tun farko yana nan: rumbu babu hatsi, makarantar gari babu malami. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a rahotonta na talauci na 2019, ta sa Jigawa a cikin jihohi uku da suka fi talauci, inda kusan mutum 87 cikin 100 suke ƙasa da layin talauci. Uban da ke cikin wannan hali, ka mayar masa da yaro ka juya, ba ka warware masa komai ba.

A nan zan ɗan tsaya, don kada a yi mini mummunar fahimta. Karatun allo ba shi ne rashin matsuguni ba. Yawancin malamanmu da alƙalanmu da limamanmu ta nan suka biyo, kuma almajiri yana da malami, yana da iyaye. Tambayata ɗaya ce: a ina yake kwana? Idan alaramma ya karɓi yara fiye da abin da zaurensa zai ɗauka, ragowar suka watsu a barandun mutane, yaro ɗan shekara bakwai yana kwana a kan kwali cikin sanyin jaura, to wannan ya zama maganar ƙaramar hukuma, ko alaramma ya so ko bai so ba. A watan Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa. Madalla da ita. Amma tana Abuja. Wanda zai iya takawa ya leƙa tsangaya bayan isha'i ya ƙirga tabarmi da kawuna, kansila ne da mai unguwa. Sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce a ƙara wa malam ɗaki ɗaya ko biyu da makewayi ba, a kuma yi yarjejeniya da shi a gaban hakimi cewa ba zai karɓi yaran da ba shi da wurin kwantar da su ba.

Game da kame kuwa, ya kamata jami'anmu su san cewa a ranar 4 ga Disamba 2020, Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da fatawar shari'a cewa dokokin da ke hukunta mutum don kawai ba shi da matsuguni ko takamaiman abin yi sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka. Wanda ya yi sata a kama shi da laifin sata. Wanda talauci ya kwantar a rumfa, ba laifi ya yi ba.

Abu na biyu da aka saba shi ne rabon kayan agaji, kuma wannan ya fi fitowa da damina. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa, gidajenmu kuma mafi yawa na ƙasa ne. A yankin Hadeja da Auyo da Ringim kogi ne ke tumbatsa ya ci gari. Mu nan sau da yawa marka ce: a yi kwanaki ana zuba ba ƙaƙƙautawa, katanga ta sha ta ƙoshi, azara ta saki, ɗaki ya zauna, galibi ma cikin dare mutane na barci. Gwaram kuma tana da nata kogin, Bunga, wanda idan ya kawo ba ya sallama. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. A watan Agustan 2024 ma maƙwabtanmu na Gantsa a ƙaramar hukumar Buji sun ga tashin hankali, mutane suka koma makarantu da zama.

Abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi. A buɗe ajin firamare, a zuba iyalai. Ciyaman ya zo jaje, hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya su kawo shinkafa da masara da tabarmi da gidan sauro, wani lokaci da bandir na kwano da buhunan siminti. Wannan taimako ne na gaske, wanda ya kwana da yunwa ya san darajarsa, kuma ma'aikatan da ke shiga ruwa su kai shi sun cancanci godiya. Amma idan hutu ya ƙare aka koma makaranta, sai a ce a ba ɗalibai ajinsu. Mai ƙarfi ya buga bulo ya tayar da ɗaki. Mai 'yan'uwa ya raɓa. Tsoho da gwauruwa mai marayu fa? Su ne ake mantawa, domin ranar da aka rufe sansani ake rufe littafi. Wata uku bayan nan hunturu ya same su a ƙarƙashin leda. Mun zama kamar mai ɗakin da ke yoyo, kullum yana matsar da kwano, bai taɓa hawa rufi ba.

Alhali ruwan nan ba ya zuwa a ɓoye. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun kafin a yi shuka, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Tsarin kula da bala'o'i na ƙasa ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Aikin wannan kwamiti ba ranar da ruwa ya ci gari yake farawa ba. Tun watan Mayu ya kamata ya zauna da masu unguwanni: waɗanne gidaje ne ke bakin kwari, wane kwalbati ne ya toshe, wace tsohuwa ce ke kwana ita kaɗai a ɗakin da katangarsa ta tsage, ina za a kai mutane idan abin ya faru, kuma ina za su koma idan makaranta ta buɗe. Yaɓen ɗakin tsohuwa kafin damina bai kai kuɗin ciyar da ita wata guda a sansani ba.

Wanda ya fi kowa shiga zuciyata a wannan magana shi ne mai taɓin hankali. Shi ba a ma korarsa, ba a kuma raba masa kaya. An saba da shi ne kawai. Yara su jefe shi, manya su ba shi suna, mai abinci ta zuba masa ragowa, shekara ta zagayo yana nan a gindin bishiya ɗaya. Idan mace ce, abin da ke faruwa da ita cikin dare ba ya faɗuwa a rediyo, sai dai a wayi gari a gan ta da ciki, kowa ya yi salati ya wuce. Jama'a, ciwo ne, kuma da yawa daga cikin irinsa suna jin magani. Akwai waɗanda idan suka sami allura da ƙwaya a kan lokaci za su natsu, su faɗi sunansu da garinsu, har su koma gona. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙin magani da mutunci. Jigawa tana da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. Daga Gwaram zuwa Kazaure tafiya ce mai tsawo, daga wannan kusurwar jiha zuwa waccan, kuma mutumin da ba shi da dangi ba zai kai kansa ba. Mota da mai da ma'aikacin walwala da zai raka shi, ya kuma koma ya duba shi, ya nemo danginsa, wannan daidai ƙarfin ƙaramar hukuma ne.

Sai dai a yi hattara. Idan muka ce gidan gajiyayyu, ba gidan mari muke nufi ba. Ba mu manta abin da aka tarar a 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Masaukin da mutum mai hankalinsa ba zai iya fita daga ciki ba idan ya so, kurkuku ne, ko da an rubuta wani suna a ƙofar.

Na san amsar da za a ba ni a sakatariya: babu kuɗi. Kuma shekara da shekaru wannan amsar tana da tushe. Kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran abubuwa, abin da ya rage wa ciyaman kaɗan ne. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, amma hukuncin ya sauya tambayar da talaka zai yi. Duk wanda ya nemi 'yancin kuɗi, ya karɓi nauyin da ke tafe da shi, har da wanda Jadawali na Huɗu ya ambata. Ni kuma ban yarda cewa ƙaramar hukumar da ke iya sayen motoci da raba kayan azumi ba za ta iya riƙe ɗaki huɗu da makewayi da mai gadi ba.

Kuma a Jigawa ba baƙon abu ba ne hukuma ta ɗauki nauyin mai rauni. A 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina a nan ƙasar Birnin Kudu, ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 duk wata, aka kafa shi da doka, aka zaɓo mutane daga kowace ƙaramar hukuma. Kowa da ra'ayinsa na siyasa, ba shi muke yi ba a nan. Abin lura shi ne an iya yin rajista, an iya sanin wane ne wane, an iya biya a kai a kai. Sai dai alawus ba rufi ba ne, kuma bai shafi mai taɓin hankalin da ba shi da wanda zai tsaya masa ba, bai shafi matar da aka fitar da dare ba. A gefe guda ga kwamitin zakka da waƙafi na Masarautar Dutse, wanda ya yi suna tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, yana tattara hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma ta hannun hakimai, Birnin Kudu da Gwaram kuma duk ƙasar Dutse ce. Malamai sun karantar da mu cewa a cikin kashi 8 na masu cin zakka akwai faƙiri da miskini da matafiyin da guzurinsa ya yanke. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an keɓe wata rumfa da ake kira Suffa, inda sahabban da ba su da gida ba su da iyali a Madina suke kwana ana ciyar da su, Abu Huraira na cikinsu. Mai kuɗin da ke neman inda zai yi waƙafi, ga wuri: ya gina ɗakunan, hukuma ta ɗauki albashin mai gadi da ruwa da magani, kwamitin zakka ya kawo hatsi.

A wasu ƙasashe doka ta fi tamu haƙora. A Ingila tun 1977 aka ɗora wa ƙananan hukumomi wajibcin sama wa wasu rukunin marasa gida matsuguni, a 2017 kuma aka ƙara cewa idan mutum zai rasa gidansa cikin kwana 56, dole hukuma ta fara taimaka masa tun bai fita ba. Kowace kaka ana fita dare guda a ƙirga masu kwana a titi, idan sanyi ya tsananta a buɗe masaukin gaggawa. Duk da haka ba su gama da matsalar ba, har yau ana kwana a titunan Landan. Abin ɗauka a wurinsu shi ne akwai ofishin da aka sani, akwai ma'aikacin da za a tuhuma. Mu namu kundin, a sashe na 16, ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin sama wa kowa matsuguni, amma babin da sashen yake ciki ba a iya kai ƙara kotu a kansa. Ke nan abin da zai motsa hukuma a nan shi ne bakin jama'a.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Kafin hunturu ya shigo, kansilan kowace mazaɓa da masu unguwanninsa da ma'aikacin walwala su zaga da dare, da tocila da littafi, ba da 'yan sanda ba, ba da bulala ba. Su yi sallama, su tambayi mutum sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, da abin da shi yake so. Wannan ta ƙarshen ita aka fi tsallakewa. Wani kuɗin mota kawai yake nema ya koma gida. Wani kuwa gidan ne ya gudo daga gare shi, mayar da shi zalunci ne, musamman mace ko yaro. A haɗa da mata a cikin masu zagayen, domin mace ba za ta buɗe wa ƙato cikinta da tsakar dare ba. Daga wannan littafin ne za a san ɗaki nawa ake buƙata, a kusa da tasha ko kasuwa ko asibiti, na maza daban na mata daban, mai ƙofa da sakata ta ciki. A rubuta lambar wayar jami'in walwala a manna a tasha da masallacin Juma'a da ƙofar hakimi, ta yadda direban da ya ga wani a yashe zai san wanda zai kira.

Ku kuma masu sauraro, ƙarshen shekara ne ake tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da 'yan kasuwa, da ƙungiyar direbobi, da limamai, da ƙungiyoyin mata, ku sami kansilanku cikin ladabi ku tambaye shi: ranka ya daɗe, nawa aka ware wa gajiyayyu da marasa matsuguni a kasafin bana, wa ke riƙe da aikin, kuma ina masaukin yake? Idan akwai, ku je ku gani da idonku, ku ga ko akwai ruwa da abinci da bargo, ku ga ko mazauna ciki suna shiga suna fita. Idan babu, ku nemi a sa shi a rubuce, ku koma bayan wata uku ku sake tambaya. Wanda kuma ya tarar da mutum kwance a waje ba shi da lafiya, numfashi na sarƙewa ko jiki ya yi zafi ko ya sandare da sanyi, kada ya jira sai an gano danginsa. A lulluɓe shi, a sanar da mai unguwa, a kai shi asibiti mafi kusa, neman dangi ya biyo baya.